Aro ne ko sata? Amsa kan faya-fayan Bob Dylan biyu na farko

Tambaya: Malam, na ji an ba Bob Dylan kyautar Nobel ta adabi a 2016 alhali mawaƙi ne, sai na nemo faya-fayansa biyu na farko na saurara. Gaskiya muryar ba ta kwanta mini ba. Sannan na karanta cewa yawancin karin waƙoƙin da ke faifai na biyu, The Freewheelin' Bob Dylan, ba nasa ba ne, na wasu ne ya ɗauka. To me ya raba wannan da satar fasaha, kuma me aka gani a faifan da ake ta zuzuta shi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka karanta gaskiya ne, kuma ba asiri ba ne da wani ya tona. Shi kansa Dylan ya faɗa da bakinsa, wani wurin ma a bayan kwalin faifan aka rubuta. Sai dai kalmar sata tana da nauyi, ba a ɗora ta a kan waƙoƙi 13 a dunƙule. Akwai inda ya yi aro na halal, akwai inda ya danne haƙƙin abokansa, kuma zan nuna maka kowanne da sunansa.

Bari in fara sallamar maganar murya, don ba ta da tsawo. Ni ma ranar da na fara ɗora faifansa a garmaho, shekaru masu yawa da suka wuce, ce nake mura ke damun mutumin. Yaro ne ɗan shekara 20 yana ƙoƙarin yin muryar tsofaffin da ya koya a wajensu, yana fitar da sauti ta hanci, yana kartar jita, yana hura harmonika, wata 'yar sarewar ƙarfe da ya maƙala a wuya don hannuwansa su samu sukuni. Ba zan ce dole ka so ta ba. Ka dai kula da inda yake ajiye numfashi da kalmar da yake dannawa a cikin layi. A nan gwanintarsa take, ba a zaƙin maƙogwaro ba.

Kafin a yi wa mutum hukunci sai an san kasuwar da ya shiga. Abin da Turawa ke kira folk waƙoƙin gargajiya ne na talakawan karkara, waɗanda ba a san wanda ya ƙirƙire su ba, daga baki zuwa kunne suka yi ta yawo. Wasu daga Ingila da Sikotilan masu ƙaura suka ƙetare teku da su zuwa Amurka, suka zauna da su a duwatsun Appalachia. Wasu kuma na bayi baƙaƙen fata ne da jikokinsu a kudancin Amurka. A ƙarshen shekarun 1950 samari 'yan boko na birane suka waiwayi waɗannan waƙoƙi, cibiyarsu kuwa unguwar Greenwich Village ce a birnin Niyok, inda mawaƙi zai tsaya a gidan shan gahawa shi kaɗai da jitarsa, in ya gama a zagaya da kwando a jefa masa abin da ya samu. In kana neman abin da ya fi kusa da wannan a wajenmu, tuna Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa: mutum ɗaya, abin kiɗa ɗaya, ba 'yan amshi, waƙar kuma ta ƙaramin mutum ce. A wannan da'ira, darajar mawaƙi ita ce yawan tsofaffin waƙoƙin da ya haddace da kuma bakin da ya karɓo su. Ɗaukar tsohon kari a zuba masa sababbin kalmomi ba abin kunya ba ne, sana'ar ke nan.

Dylan, wanda sunansa na yanka Robert Zimmerman, an haife shi a 1941 a jihar Minnesota, ya sauka Niyok a Janairun 1961. Babban abin da ya kawo shi shi ne ganin Woody Guthrie, ubangidan wannan salo, wanda a lokacin yake kwance a asibiti a New Jersey da ciwon da ke lalata jijiyoyi. Guthrie kansa gwanin aro ne. Fitacciyar waƙarsa This Land Is Your Land a kan karin wata waƙar iyalan Carter ya ɗora ta. Da Dylan ya tashi yi wa malaminsa waƙar yabo, Song to Woody, sai ya ɗauki karin wata waƙar Guthrie ɗin, 1913 Massacre, ya yi amfani da shi. Duk wanda ke wannan da'ira da jin layin farko ya gane karin, kuma abin da ake so ke nan: almajiri ya gaida malami da muryar malamin.

Faifai na farko, mai suna Bob Dylan kawai, ba sai mun daɗe a kansa ba. A ƙarshen Satumban 1961 jaridar New York Times ta buga yabon wasansa, John Hammond na kamfanin Columbia ya sa masa hannu a kwantiragi. Hammond ba ƙaramin mutum ba ne, ta hannunsa manyan mawaƙa irin su Billie Holiday da Count Basie da Aretha Franklin suka bi. An ɗauki faifan a zama biyu, 20 da 22 ga Nuwamba 1961, kuɗin aikin duka dala 402 kamar yadda aka ruwaito, ya fito ranar 19 ga Maris 1962. Waƙoƙi 13 ne, biyu kacal ya rubuta da kansa, sauran na gargajiya ne ko na tsofaffin mawaƙan blues, wato salon waƙar baƙaƙen fata na kudancin Amurka, irin su Blind Lemon Jefferson da Bukka White. A shekarar farko kimanin kwafi 5,000 aka sayar, har ma'aikatan kamfanin suka laƙaba wa yaron suna wautar Hammond.

Amma a wannan faifai ne laifi na farko yake, kuma shi ne wanda ni ban iya wanke shi daga gare shi ba. House of the Rising Sun tsohuwar waƙa ce, ba ta kowa ba. Sai dai Dave Van Ronk, babban yaya ga duk samarin unguwar, wanda Dylan ya sha kwana a kujerar falonsa, ya zauna ya sake mata tsarin kiɗa nasa na kansa, da shi aka san shi, yana kuma shirin sa ta a nasa faifan. Dylan ya shiga situdiyo ya ɗauke ta da tsarin Van Ronk tsaf, bayan an gama sai ya zo yana tambayar ko zai ba shi izini. Van Ronk ya ce ya ɗan dakata sai ya fitar da tasa, Dylan ya ce ai aikin gama ya gama. Daga baya duk inda Van Ronk ya rera ta sai a ce ya kwaikwayi Dylan, har ya gaji ya daina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin dariyar shi ne a 1964 wasu samarin Ingila, The Animals, suka fitar da ita ta game duniya, shi ma Dylan aka fara ce masa wajensu ya kwasa. Van Ronk da kansa yake ba da wannan labari yana ƙyaƙyata dariya a ƙarshen rayuwarsa. Ka lura, a cikin wannan faifan dai, kafin ya fara Baby, Let Me Follow You Down, Dylan ya tsaya ya faɗi sunan wanda ya koya masa ita, Eric von Schmidt. Ke nan ya san ladabin, a wani wuri ne ya ga dama ya tsallake.

Yanzu mu zo kan Freewheelin'. An shekara guda ana ɗaukarsa, daga Afrilun 1962 zuwa Afrilun 1963, ya fito ranar 27 ga Mayu 1963. Lissafin ya juye: waƙoƙi 13, goma sha ɗaya kalmominsu nasa ne. A wancan zamani wannan baƙon abu ne, domin a kasuwar waƙar Amurka marubuci daban, mai rerawa daban.

Waƙar da ta buɗe faifan, Blowin' in the Wind, a Afrilun 1962 ya rubuta ta. Baiti uku ne, kowanne da tambayoyi uku kan yaƙi da 'yanci da kau da kai daga zalunci, amshin kuma bai ba da amsa ba, cewa ya yi amsar tana yawo a iska. Karin ya samo asali daga No More Auction Block, waƙar bayi baƙaƙen fata da suka kuɓuta, suna cewa sun yi ban kwana da dandamalin da ake gwanjonsu. Dylan yana rera wannan tsohuwar waƙa a wasanninsa na 1962, akwai rikodin ɗinta da aka fitar a 1991, kuma a 1978 ya faɗa a fili cewa daga nan tasa ta fito. In ka saurare su a jere za ka ji dangantakar a farkon layi, daga nan kowace ta kama hanyarta. Ni a ganina wannan aro ne mai ma'ana: waƙar da ke tambayar sai yaushe za a ɗauki mutum a matsayin mutum, an gina ta a kan karin mutanen da aka sayar kamar dabbobi. Sam Cooke, babban mawaƙi baƙar fata, da ya ji ta ya yi mamakin a ce farar fata ne ya rubuta, abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta A Change Is Gonna Come wadda ta fito a 1964. Karin ya fita daga gida ya dawo da riba.

Wani abin ban haushi: zargin sata ɗaya da ya fi yin ƙara a kan wannan waƙa ƙarya ne. Wani ɗalibin sakandare a New Jersey ya ga waƙar a mujalla kafin faifan ya fito, ya rera wa 'yan makarantarsu ya ce tasa ce, aka yi ta yaɗa cewa Dylan saye ya yi a wajensa, har mujallar Newsweek ta ɗauki jita-jitar a Nuwamban 1963. Sai a 1974 yaron, ya zama magidanci, ya fito ya ce ƙarya ya yi. Har yau akwai masu maimaita labarin.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne A Hard Rain's A-Gonna Fall, domin in ka fahimci abin da ya yi a nan, ka fahimci dalilin Nobel ɗin. Akwai tsohuwar waƙar labari ta iyakar Ingila da Sikotilan, Lord Randal, ita ce ta 12 a cikin guda 305 da Farfesa Francis Child na jami'ar Harvard ya tattara a ƙarni na 19. Tsarinta tambaya da amsa ne tsakanin uwa da ɗa. Ta tambaye shi ina ya je, ya ce daji. Wa ya gani, ya ce masoyiyarsa. Me ta ba shi ya ci, ya faɗa. A hankali mai sauraro zai gane an sa masa guba, shi kuwa a ƙarshen kowane baiti roƙon uwar yake ta shimfiɗa masa gado ya kwanta. Dylan bai ɗauki labarin ba, ƙirar ya ɗauka. Tasa ma mahaifi ne ke tambayar ɗa, baiti biyar, tambaya biyar: ina ka je, me ka gani, me ka ji, wa ka haɗu da shi, me za ka yi yanzu. Amma maimakon amsa guda a kowane baiti, sai yaron ya riƙa zubo hotuna ɗaya bayan ɗaya, jariri sabon haihuwa kyarketai sun kewaye shi, bindigogi da takubba a hannun ƙananan yara, mutane dubbai suna magana ba mai saurare. Gubar ba a cikin ɗan take ba, a duniyar da ya zagayo take. Sannan ga inda ya juya tsohuwar waƙar gaba ɗaya: Randal gado yake nema ya mutu, wannan kuwa a baitin ƙarshe cewa ya yi zai koma can cikin masifar ya faɗi abin da ya gani. Kusan minti bakwai, jita ɗaya, kuma a ɗauka ɗaya aka gama ta a Disamban 1962. Wanda ya kira wannan sata, to duk mai ginin da ya yi azara da soro irin na kakanninsa ɓarawo ne.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi, kuma bayanin bayan kwalin faifan ne ya haddasa shi. Ana cewa rikicin makamai masu linzami na Kyuba ne ya sa ya rubuta ta, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kai bakin yaƙin nukiliya. Kwanan wata bai yarda ba. Ya rera ta a zauren Carnegie ranar 22 ga Satumba 1962, Shugaba Kennedy kuwa sai ranar 22 ga Oktoba ya sanar da duniya batun makaman, wata guda cif a tsakani. Fargabar nukiliya dai tana nan tun kafin Kyuba, ana haƙa ramukan ɓuya a bayan gidaje, ana koya wa yara shigewa ƙarƙashin tebur a makaranta. Shi kuma a wata hira ta rediyo a 1963 ya ce ruwan da yake nufi ba ruwan ƙurar nukiliya ba ne. Wannan waƙar ce mawaƙiya Patti Smith ta rera a bikin ba da Nobel a Disamban 2016, da shi bai halarta ba.

A Disamban 1962 aka gayyace shi Landan ya fito a wani wasan kwaikwayon talabijin na BBC, wanda daga baya suka goge kaset ɗinsa, abin takaici. Ribar tafiyar ba a wasan take ba, a gidajen waƙar gargajiya na Landan take, inda ya haɗu da mawaƙin gargajiya Martin Carthy. Wajensa ya ji Scarborough Fair da kuma Lady Franklin's Lament, makokin matar Sir John Franklin wanda ya ɓace da jiragensa biyu a ƙanƙarar arewacin duniya bayan tashinsu a 1845. Ta farko ta haifi Girl from the North Country, inda ya riƙe salon aika saƙo ga tsohuwar masoyiya ta bakin matafiyi. Ta biyu ta haifi Bob Dylan's Dream, makokin abokan ƙuruciya da suka watse, kuma an rubuta sunan Carthy a bayan kwali. Ga ma'auni mai kyau a nan. Carthy bai riƙe Dylan a zuci ba, domin sabuwar waƙa ya yi da abin da ya koya. Amma mawaƙin Amurka Paul Simon, wanda shi ma wajen Carthy ya koyi Scarborough Fair, ya fitar da ita a 1966 da tsarin jitar Carthy ba tare da ambatonsa ba, wannan ya ci wa Carthy rai shekaru fiye da 30, sai a 2000 suka shirya a kan dandamali a Landan. Mutum ɗaya, waƙa ɗaya, masu aro biyu, hukunci biyu. Mutanen wannan sana'a sun san bambancin, ko da doka ba ta sani ba.

Sauran biyun da ke da ƙura su ne Masters of War da Don't Think Twice, It's All Right. Ta farko zagi ne tsirara ga masu ƙera makamai suna cin riba da jinin samari, abin da Shugaba Eisenhower ya yi gargaɗi a kansa a jawabinsa na ban kwana a Janairun 1961. Babu sassauci a cikinta, har fatan mutuwa ya yi musu, ya ce zai tsaya a kan kabarinsu sai ya tabbatar. Karin na Nottamun Town ne, kuma wannan waƙa gadon gidan su Jean Ritchie ce, autar 'ya'ya 14 daga duwatsun Kentucky. A bakin 'yan gidansu Cecil Sharp ya rubuta ta a 1917, ita kuma Jean ta fito da ita ga jama'a. Ta nemi haƙƙinta, lauyoyi suka biya ta kuɗi aka rufe magana, amma sunan Dylan kaɗai ya ci gaba da zama a kan waƙar.

Ta biyun ta fi ciwo. Paul Clayton abokinsa ne na kusa, mai bin ƙauyuka yana tattara tsofaffin waƙoƙi. Ya samo wata, ya gyara ta, ya fitar a 1960 da suna Who's Gonna Buy You Ribbons. Dylan ya ɗauki karin har da wasu 'yan kalmomi ya yi Don't Think Twice, wadda ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin rabuwa da aka fi rerawa a Turanci. Kamfanonin da ke riƙe musu haƙƙi suka kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu, su biyun kuma suka ci gaba da abota har da tafiya tare a mota a 1964. Clayton ya mutu a 1967. Hujjar masu kare Dylan ita ce shi ma Clayton aro ya yi, kuma haka ne. Amma wanda ya tono rijiya ya yashe ta, ko ruwan ba nasa ba ne, ya cancanci a ambace shi.

To me ya sa abin da kakanni suka yi ta yi ba rigima ya zama rigima a 1963? Kuɗi. A dokar Amurka ta lokacin, wadda aka kafa tun 1909, duk faifan da aka buga ana biyan santi 2 a kan kowace waƙa ga wanda aka yi wa rajistar mallakarta, a raba tsakaninsa da kamfanin da ke riƙe masa haƙƙi. Waƙar gargajiya ba ta da mai ita, saboda haka wanda ya riga zuba mata kalmomi ya kai rajista shi ke kwashewa. Santi 2 ba komai ba ne a faifan da ya sayar da 5,000. Amma manajan Dylan, Albert Grossman, shi ne kuma manajan ƙungiyar mawaƙa uku Peter, Paul and Mary, sai ya miƙa musu Blowin' in the Wind. Suka fitar a Yunin 1963 da muryoyi masu daɗi irin waɗanda kake nema, ta kai ta 2 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ta sayar da fiye da miliyan. Yi lissafi: santi 2 sau miliyan dala 20,000 ke nan a kan waƙa guda, ban da kuɗin da gidajen rediyo ke biya, ban da sauran mawaƙa da dama da suka sake rera ta. Kwatanta da dala 402 da aka kashe a faifan farko. Al'adar aro an gina ta ne a lokacin da waƙa ba ta kawo komai sai abin da aka jefa a kwando. Da ta fara kawo gida da mota, sai tambayar wa ya koya wa wa ta zama tambayar wa ya ci rabon wa. A 2020 da Dylan ya sayar da haƙƙin waƙoƙinsa duka ga kamfanin Universal, rahotanni sun ce kuɗin ya haura dala miliyan 300, kuma waɗannan waƙoƙi na cikin kayan.

Ɗora waƙa a kan karin wata ba baƙon abu ba ne gare mu. Aliyu Namangi a kan karin caji ya ɗora Imfiraji, ya ɗauki abin da ake rawa da shi a dandali ya mai da shi wa'azi, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo, domin kowa ya san abin da ya zuba a ciki nasa ne. Da wannan ma'auni nake auna Dylan. Blowin' in the Wind da Hard Rain da waƙoƙin Landan biyu, aro ne da ya fi abin da aka ara. Van Ronk, Ritchie da Clayton kuwa, mutane ne masu rai da ya sani, aikin hannunsu ya ɗauka, kuma ambaton sunansu ba zai rage shi da komai ba. A nan ya gaza, kuma girman waƙoƙin bai goge gazawar ba.

Akwai wani abu da ya faru dab da fitowar faifan wanda ya ƙara masa ƙarfi ba da niyya ba. Asalin jerin waƙoƙin yana da wata ta barkwanci da ke yi wa ƙungiyar John Birch ba'a, masu ganin ɗan kwaminis a ƙarƙashin kowane gado. Ranar 12 ga Mayu 1963 aka gayyace shi shirin Ed Sullivan, ɗaya daga cikin shirye-shiryen talabijin mafiya farin jini a Amurka a lokacin, jami'an tashar CBS suka ce ya canja waƙa, ya ɗauki jitarsa ya fice. CBS ɗin ce kuma ke da Columbia a lokacin, lauyoyi na tsoron ƙarar ɓata suna. Aka cire waƙar daga faifan tare da wasu uku, aka sa sababbi huɗu da ya ɗauka a Afrilu tare da sabon furodusa, Tom Wilson, baƙar fata ɗan Harvard wanda ya fito daga kiɗan jaz. Sababbin su ne Masters of War, Girl from the North Country, Bob Dylan's Dream da Talkin' World War III Blues. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don waɗanda aka cire sun fi kama da faifan farko, waɗanda aka sa kuwa su ne sabon mutumin. 'Yan kwafin da suka kuɓuce da tsohon jeri yanzu suna cikin faya-fayai mafi tsada a wajen masu tarawa.

Hoton kwalin ma ya yi nasa aikin. Ba mawaƙi ne cikin kwat yana murmushi ba, saurayi ne ya ƙudundune cikin 'yar jaket yana tafiya a tsakiyar titi cikin dusar ƙanƙara, budurwarsa Suze Rotolo ta riƙe masa hannu. Kada ka ɗauke ta ado. Tana aiki da ƙungiyar CORE mai yaƙi da wariyar launin fata, ta hanyarta ya shiga wannan harka sosai, kuma tafiyarta Italiya karatu na wata shida a 1962 ita ce ta haifar da waƙoƙin kewa da ke faifan. Oxford Town, wadda ba ta kai minti biyu ba, kan James Meredith ce, baƙar fata na farko da ya shiga jami'ar Misisipi a 1962, aka yi tarzoma mutum biyu suka mutu. Wata uku bayan fitowar faifan, ranar 28 ga Agusta 1963, Dylan yana tsaye yana waƙa a gangamin Washinton inda Martin Luther King ya yi jawabinsa, yana ɗan shekara 22.

A kasuwa faifan ya tsaya a na 22 a Amurka, a Ingila kuwa ya kai na 1 a 1965. 'Yan Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Ingila, sun same shi a Faris a farkon 1964 suka yi makonni suna juya shi, kuma ana jin sauyin a rubutun John Lennon, ɗaya daga cikinsu, bayan nan. Kada dai ka zaci duka faifan zinariya ne. Bob Dylan's Blues da Down the Highway da I Shall Be Free cike gurbi ne, ni kaina tsallake su nake yi.

In za ka koma masa, kada ka bi jerin kwali. Nemi No More Auction Block a muryar Odetta, ka bi ta da Blowin' in the Wind. Nemi Nottamun Town a muryar Jean Ritchie, ka bi ta da Masters of War. Saurari waƙar Clayton kafin Don't Think Twice, ka yanke naka hukuncin. Hard Rain kuwa ka bar ta ƙarshe, ka samu kalmomin a rubuce a gabanka, ka karanta Lord Randal tukuna, sannan ka kunna.